Babi na Biyar: Taya, Ƙafa da Katako: Cinikin Allon Zamiya a Ƙasar Tsakuwa da Ƙura

Allon zamiya, wanda Turawa ke kira siketbod, katako ne mai ƙananan tayoyi huɗu da mutum ke tsayawa a kansa, ya tura da ƙafa ɗaya ko ya bar gangara ta ja shi, kuma ba shi da sitiyari balle birki, domin karkatar jiki ce ke juya shi, tafin takalmi ko gurzar taya da ƙasa kuwa su ne ke tsayar da shi. Wannan babi ya keɓanta ga iri biyu daga cikin danginsa. Na farko shi ne dogon allo, wato longbod, wanda aka ƙera domin tafiya mai nisa da saukowa daga tudu. Na biyu shi ne allon tseren zilliya, wato silalom, wanda mahayi ke ratsawa da shi tsakanin jerin robobi masu siffar mazurari da aka kifa a kan hanya, yana kaucewa dama da hagu ba tare da ya ture su ba. Abin da ya haɗa su shi ne duka biyun ba sa barin ƙasa, saɓanin gajeren allon da samari ke tsalle-tsalle da shi, don haka ingancinsu gaba ɗaya ya rataya ne a kan yadda suke hulɗa da doron hanya.

Wasan bai shiga jerin wasannin da aka san ƙasar Birnin Gwari da su ba, amma wannan ƙasa ta dace a auna kayansa da ita, saboda tana tilasta wa mai saye ya yi tambayoyin da mazaunin birni mai shimfiɗaɗɗen siminti zai iya tsallakewa. Garin yana yammacin Jihar Kaduna, a mahaɗar hanyoyin da suka nufi Kaduna da Funtuwa da Tegina, hanyoyin da manyan motocin ɗaukar hatsi da dabbobi da itace ke bi, waɗanda nauyinsu ke farfasa kwalta ya kuma watsa tsakuwa a gefenta. Da an sauka daga babbar hanya zuwa Kuyello ko Randagi ko Kakangi, jar ƙasa da burji ake tararwa, damina ta mayar da su taɓo, hunturu ya mayar da su ƙura. Haka kuma mutanen yankin ba baƙi ba ne a sanin taya, domin yaron da ya tashi yana kora gare, da mai tura amalanke, da bakaniken babur da ke cire boris kullum, duk sun san cewa ƙasa ce ke yanke hukunci a kan abin da zai gungura. Wannan sani shi ne tushen ciniki mai kyau, kuma saboda shi ne ya kamata a fara duba allo daga ƙasa a hauro sama, taya tukuna, sannan boris, sannan ƙafa, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi da katako, katako ya zo daga baya, alhali yawancin masu saye da zanen da ke jikin katakon suke farawa.

Tarihin wasan kansa ya goyi bayan wannan jeri. Ya samo asali a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar teku da ke neman abin yi a ranakun da ruwa ya kwanta, inda suka riƙa cire tayoyin ƙarfe daga takalman taya suna kafawa a jikin katako. Daga baya aka koma ga tayoyin da aka sarrafa daga wani gauraye mai tauri kamar yumɓu, waɗanda ƙaramar tsakuwa ke iya tsayar da su cak ta watsar da mahayi, kuma yawan raunuka ya sa kasuwar ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1960. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne tayar yuritan, wata irin roba mai danƙo da tsalle, wadda Frank Nasworthy ya fara sayarwa da sunan Cadillac a farkon shekarun 1970. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka sami tayoyin Road Rider masu rufaffen boris, kamfanonin Tracker da Bennett suka fito da ƙafafun da aka tsara musamman domin allo, gasar Del Mar ta 1975 kuma ta haɗa da tseren zilliya a cikin manyan rukunanta. Katakon bai canja sosai ba a wannan ɗan tsakani, taya ce ta canja, sauran suka biyo ta.

Girman taya ana auna shi da milimita. Gajeren allon tsalle yakan yi amfani da taya mai milimita 50 zuwa 56, dogon allo kuwa daga 65 zuwa 75, wani lokaci har fiye. Dalilin bambancin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tura baro, wato gwargwadon girman taya a kan abin da ta ci karo da shi, gwargwadon sauƙin haye shi. Tayar tsohon keken Raleigh ta inci 28 ta ninka tayar allo mai milimita 70 kusan sau goma, shi ya sa tsakuwar da mai keke ba zai ma ji ta ba take iya zama katanga ga mai allo. Saboda haka wanda zai hau kwaltar da ta tsufa ba shi da dalilin sayen abin da ya gaza milimita 70. Sai dai babbar taya tana da nata farashi, domin ta fi nauyi, ta fi jinkirin ɗaukar gudu daga tsaye, kuma idan mahayi ya karkata sosai takan taɓa cikin katakon ta tsaya nan take, abin da 'yan wasa ke kira cizon taya, wanda ake magancewa ta hanyar sa ɗan mataki na roba tsakanin ƙafa da katako ko a zaɓi allon da aka yanke masa gurbin taya.

Taurin taya ya fi girmanta rikita mai saye, domin lambar da aka rubuta a jikinta ba ta faɗin komai game da kyau ko muni. Lambar ta fito ne daga ma'aunin da ya ɗauki sunan Albert Shore, wanda ke auna yadda roba ke lotsawa idan aka danna mata tsini, kuma ana rubuta ta da harafin A a gaba. Taya mai 99A ko 101A kusan dutse ce, tana gudu a kan siminti mai sulɓi, amma a kan kwalta mai kaushi girgizarta kaɗai ta isa ta sa ƙafafu su yi sanyi cikin 'yan mintuna. Mai 78A zuwa 82A tana lotsawa ta haɗiye ƙananan duwatsu, ta kuma kama hanya a kwana, kuma ita ce ta dace da yawancin hanyoyin Arewa, ko da yake mutum mai nauyi sosai zai fi jin daɗin wadda ta ɗan fi haka tauri saboda mai laushin takan baje a ƙarƙashinsa ta rage masa gudu. Akwai kuma wata siffa da ba a rubuta ta a jikin taya ba, wato tsalle, ma'ana yadda robar ke mayar da ƙarfin da aka danna mata maimakon ta shanye shi. Tayoyi biyu na iya ɗauke da lamba ɗaya, ɗaya ta gungura nesa ɗaya ta mutu a hanya, kuma gwajin da kowa zai iya yi a gaban mai shago shi ne a saki tayar daga tsawon ƙugu a kan daɓen siminti, mai kyau za ta taso sama sosai, ta roba mai araha kuwa za ta faɗi da ƙara ta kwanta. Sai kuma leɓe, wato gefen taya. Leɓe mai kaifi yana lanƙwasa ya riƙe hanya, shi ne abin da mai zilliya da mai gudun kwana ke nema, leɓe mai zagaye kuma yana sakin hanya da sauƙi, ya dace da mai son ya gicciye allo ya gurza domin rage gudu. A nan ne ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya zuba mafi yawan kuɗinsa, domin taya ɓangare ce da babu wani kafinta ko maƙeri da zai iya yin madadinta.

Boris kuwa, wanda 'yan kasuwa suka fi kururuta shi, shi ne ya fi kowane ɓangare sauƙin samu. Kowace taya tana ɗaukar guda biyu, takwas ke nan a allo ɗaya, kuma girmansu ɗaya ne a duk duniya, wato lamba 608, mai ramin tsakiya milimita 8, faɗin waje milimita 22, kauri milimita 7. Wannan boris ba na wasa kaɗai ba ne, ana samun sa a cikin takalman taya da ƙananan injinan lantarki da kayan aikin hannu, don haka masu sayar da kayan gyara a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano sun san shi. Lambar da ake yawan tallatawa, ABEC 5 ko 7 ko 9, ma'auni ne na masana'antun Amurka da ke nuna iyakar kuskuren da aka yarda da shi wajen sassaƙa ƙarfen, kuma amfaninsa yana bayyana ne a injinan da ke juyi dubun-dubata a minti ɗaya. Lissafi mai sauƙi yana nuna cewa taya mai milimita 70, wadda kewayenta ya kai kimanin santimita 22, tana juyi wajen sau 2,300 ne kawai a minti idan allo na gudun kilomita 30 a awa, kuma a wannan mataki ba a jin bambancin lambobin. Ma'aunin bai ce komai ba a kan ingancin ƙarfe, ko irin man da aka sa, ko kyawun murfi, alhali murfin shi ne rai a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Boris mai murfin roba, wanda ake ƙara wa alamar 2RS, ya fi mai murfin ƙarfe na ZZ hana ƙura, kuma ana iya ɓalle murfinsa da tsinin allura a wanke da kananzir a sake sa mai. Giris mai kauri yana rage gudu kaɗan amma ya fi man keken ɗinki daɗewa, kuma a irin wannan yanayi daɗewar ta fi. Ƙaramin bututun ƙarfe da ake sawa tsakanin boris biyu a cikin taya, wanda ke ba da damar a ɗaure noti tam ba tare da an matse su ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sau da yawa allunan araha ba sa zuwa da shi.

Ƙafar allo, wadda ake kira tirok, ita ce ƙarfen da ke haɗa tayoyi da katako, kuma ita ce sitiyarin. Tana da gindi da ake ɗaurewa a jikin katako da ƙusoshi huɗu, da hannu mai ɗauke da sandar da tayoyi ke juyi a kai, da babbar ƙusar tsakiya mai noti wadda ta ratsa hannun ta haɗa shi da gindi, sai robobi biyu da ake kira bushin, sunan da kowane bakanike ya sani, waɗanda ke matse hannun daga sama da ƙasa. Idan mahayi ya danna gefe ɗaya, hannun gaba yana juyawa zuwa wannan gefe, na baya ya juya akasin haka, allon ya yi kwana. Akwai tsari biyu. A tsohon tsari ƙusar tsakiya tana bayan sandar tayoyi, tana kallon cikin allo, ƙafar ta fi gajarta kuma juyinta ya fi kaifi. A tsarin da aka juya, wanda ƙafafun Randal suka yaɗa shi, ƙusar tana kallon waje, ƙafar ta fi tsayi, juyinta kuma yana tafiya daidai da karkatar jiki ba tare da ba-zata ba, shi ya sa ya mamaye dogayen alluna. Lambobi biyu ne mai saye zai tambaya. Ta farko faɗin hannu, yawanci milimita 150 ko 180, kuma ƙa'idar ita ce gefen tayoyi ya yi daidai da gefen katako. Ta biyu kusurwar gindi, inda digiri 50 ke ba da juyi mai yawa da ya dace da yawo da koyo, digiri 40 zuwa 44 kuma ke rage juyi ya ƙara natsuwa ga mai gangarowa da gudu. Yawancin ƙafafu zubin alminiyam ne, irin dabarar da masu zuba tukwane ke yi amma da ƙarfe mai tsabta da injin matsi, kuma sun wadatar. Akwai waɗanda ake sassaƙawa da injin kwamfuta daga dunƙulen ƙarfe guda, farashin biyu daga cikinsu yakan wuce na cikakken allo mai kyau, kuma bambancinsu sai ɗan gasa ne ke iya jin sa.

Bushin ne ɓangaren da ya fi araha kuma ya fi canja halin allo, kuma abin takaici ne yadda ake yawan raina shi. Kamfani yana sa masa tauri matsakaici domin mutum matsakaici, saboda haka yaro mai kilo 40 zai ji allon ya ƙi juyawa, babban mutum mai kilo 90 kuma ya ji yana rawa a ƙarƙashinsa, kowannensu ya ɗora laifin a kan allon. Ɗaure notin tsakiya fiye da kima domin a sami tauri yana murƙushe robar ne kawai ya lalata ta, gyaran gaskiya shi ne a canja bushin ɗin da wanda ya dace da nauyin mahayi. Zafin bazara na Maris da Afrilu ma yana ƙara masa laushi, don haka saitin da ya yi daidai a sanyin Disamba zai iya buƙatar dubawa. Muhimmancin wannan yana bayyana a gangara, inda allon da ƙafarsa ta baya ta yi sako-sako kan fara wata karkarwa da ke ƙaruwa da kanta har ta jefar da mahayi, kuma maganinta shi ne ƙaramar kusurwa da bushin mai tauri a baya, tare da ɗora nauyin jiki a kan ƙafar gaba.

Allon zilliya yana ɗaukar duk waɗannan ƙa'idoji ya kai su maƙura. Kalmar silalom ta fito ne daga harshen mutanen Norwe, inda asalinta ke nufin sawun da ya bi gangara a wasan zamiya kan ƙanƙara, kuma daga can aka aro tsarin tseren. A rukunin da ya fi matsi ana jera robobin da tazarar da ba ta kai mita biyu ba, a babban rukuni kuma ana buɗa su sosai a kan gangara mai gudu, akwai kuma rukunin da ya gauraya biyun. Ana auna lokaci, kuma kowace robar da aka ture tana jawo ƙarin ɗan lokaci a matsayin tara, galibi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ya ture da yawa kuma a soke zagayensa. Mahayin ba ya sa ƙafa a ƙasa bayan ya shiga jerin, da murɗa ƙugu da danna allon dama da hagu yake samar da gudu, kuma wannan ne ya sa ƙafafun allonsa biyu ba iri ɗaya ba ne. Ta gaba ana ba ta babbar kusurwa da bushin mai laushi domin ta yi juyi da sauri, ta baya a ba ta ƙaramar kusurwa domin ta bi sawu ta riƙe hanya, kamar yadda tayoyin gaba na mota ke juyawa na baya su biyo. Hannun ƙafar siriri ne, abin da bai wuce milimita 100 zuwa 130 ba, domin taya ta wuce kusa da roba ba tare da ta taɓa ta ba. Katakon gajere ne kuma mai tauri, wani lokaci da zaren kabon a cikinsa, saboda duk lanƙwasar da ya yi ƙarfin mahayi ne ya tafi a banza, kuma tayoyin baya sukan fi na gaba laushi. Wanda ke son gwada wannan fanni ba sai ya sayi ƙafafun gasa ba, ya isa ya samo ƙananan ƙafafu na tsohon tsari da matakan roba masu siffar weji, ya sa na gaba ta yadda zai ƙara kusurwa, na baya ta yadda zai rage ta. Ya kamata kuma ya sani cewa kasuwar wannan fanni ƙarama ce, domin ko da wasan allo ya shiga gasar Olamfik a Tokyo, wadda aka yi a 2021, rukunan tsalle ne aka ɗauka, ban da zilliya da gangara.

Batun katako shi ne inda dajin Birnin Gwari ke shigowa cikin maganar kai tsaye. Allon da aka saba da shi ana yin sa ne da fale-fale bakwai na itacen mafil mai tauri, wanda ke tsirowa a Kanada da arewa maso gabashin Amurka, ana shafa musu gam a matse su a cikin mazubi har su bushe da siffar da ake so. Sirrin yana cikin jerin, domin biyar daga cikin fale-falen jijiyarsu tana bin tsawon allon, biyu kuma an gicciye su, ta yadda tsagewar da ta fara a ɗaya ba za ta sami hanyar wucewa ta gaba ba. Wasu kamfanoni, irin su Loaded, suna haɗa gora da zaren gilashi domin a sami allo mai lanƙwasa ya dawo. Dajin yankin, wanda ya haɗa da Gandun Ƙasa na Kamuku mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, wanda aka ɗaga zuwa wannan matsayi a 1999 kuma ya yi iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara, yana da doka da maje da kawo da maɗaci da marke da ƙirya da madobiya. Mai tunanin cewa itacen da ya fi tauri shi ne zai fi yin allo zai nufi ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, amma nauyinta ya yi yawa, kuma falle guda na kowane itace, komai taurinsa, yana iya tsagewa ta bin jijiya daga ramin ƙusa. Duk da haka ba abin da ba a taɓa yi ba ne, domin a shekarun 1970 an sayar da alluna da yawa na falle guda na itacen oak, kuma gajeren allo mai kauri daga busasshen maɗaci zai yi aikin yawo. Abin da ya fi shi shi ne kafinta ya haɗa siraran fale-fale da gam mai jure ruwa, ya matse su a kan mazubin da ya sassaƙa, ya guji filawud ɗin silin da na kabad wanda cikinsa ke da ramuka kuma gam ɗinsa ke saki da damina. Itacen da allo ɗaya ke ci kaɗan ne, ragowar aikin ƙofa ya ishe shi, don haka babu hujjar sare ɗanyen itace dominsa, balle a cikin gandun da doka ta hana sara, balle kuma madobiya, wadda yawan fitar da ita zuwa Sin ya sa aka sanya ta ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar CITES tun 2017.

Siffar katako ana iya taƙaita ta. Wanda aka ɗaura wa ƙafa a ƙarƙashinsa ya fi tsayi kuma ya fi kama kwana, wanda aka huda aka zura ƙafar ta cikinsa ya fi kusa da ƙasa, ya fi sauƙin turawa da taka birki da takalmi, kuma shi ya fi dacewa da mai koyo. Tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya ta fi tsawon allon gaba ɗaya tasiri, doguwa tana ba da natsuwa, gajera tana ba da kaifin juyi. Saman allon kuma ana manna masa takarda mai kaushi irin samfefa domin takalmi ya kama.

Idan aka zo ga cinikin kansa, Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma a wannan kasuwa sai an san ɓangaren da nagartar take. Shagunan da suka ƙware a kayan wasan, irin Wafflesncream na Legas, suna can kudu kuma gajeren allo suka fi ba wa ƙarfi, don haka kayan dogon allo da na zilliya galibi sai an yi odarsu daga waje ko a tsince su cikin kayan kwatano, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara musu tsada. Tunda kuɗin dako yana bin girman kaya, katako ne ke cinye shi, tayoyi da ƙafafu da bushin kuwa sukan shige ƙaramar jaka, kuma wannan ma wata hujja ce ta a shigo da roba da ƙarfe a yi katako a gida. Allunan da ake sayarwa a shagunan kayan wasan yara, masu tayoyin roba mai ƙyalli da ƙafafun da ba sa juyawa, ba sa cikin lissafi, domin sun fi kama da hoton allo fiye da allo. Wanda ya sami na hannu zai ajiye shi a shimfiɗaɗɗen daɓe ya ga ko tayoyi huɗun duk sun taɓa ƙasa, domin katakon da ya murɗe saboda rana ko danshi ba ya gyaruwa, sannan ya duba tsaga a kewayen ramukan ƙusa, ya juya kowace taya ya ga ko sandarta ta lanƙwashe, ya shafa tayoyin ya ji ko akwai inda gurza ta baje. Akwai kuma tarkon da bakaniken babur zai iya faɗawa da kyakkyawar niyya, wato notocin allo an yanka zarensu ne da ma'aunin inci na Amurka, saboda haka ko da sifana lamba 13 ta kama notin taya, notin babur mai ma'aunin milimita ba zai shiga ba sai da tilas, kuma tilas ɗin zai cinye zaren sandar. Ya kamata a haɗa da notoci na ajiya tun a odar farko. Tazarar ramukan gindin ƙafa ma iri biyu ce, tsohuwa mai inci biyu da rabi da sabuwa wadda ta ɗan gaza haka, don haka kafinta ba zai huda katako ba sai ƙafar tana hannunsa.

Hular kwano tana cikin farashin allo, kuma wanda kuɗinsa bai kai ga biyun ba bai kai ga sayen allo ba tukuna. Dogon allo yana kai gudun da babur ke yi a cikin gari ko da a gangara matsakaiciya, kuma a 2017 Peter Connolly ya haura kilomita 146 a awa a lardin Kebek na Kanada, a kan hanyar da aka rufe domin gasar. Hular da ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, saboda kumfar da ke cikinta ta riga ta murƙushe, wannan ya sa sayen ta hannu kasada ce. Safar hannu mai faifan roba a tafi, wadda mahayi ke dafa ƙasa da ita yayin gurza, ana iya ɗinka ta a gida daga safar leburori da guntun farantin yanka nama na roba. Babbar hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon fiye da kilomita 100, da tirelolinta da ramukanta da tarihinta na rashin tsaro, ba filin wasa ba ce, kuma riƙe bayan mota domin ta ja mutum, kamar yadda wasu masu takalmin taya ke yi a manyan birane, hanya ce ta asarar rai. Filin wasa kuwa ana iya samar da shi, domin matasan unguwar Kitintale a Kampala ta Yuganda, a tsakiyar shekarun 2000, da hannunsu suka zuba simintin filin da suke wasa a kai, kuma tseren zilliya bai ma buƙaci gini irin nasu ba. Jerin robobi 20 da tazarar mita 1.8 yana cin kimanin mita 34, idan aka ƙara wurin ɗaukar gudu da wurin tsayawa, shimfiɗar siminti ko kwalta mai mita 60 a harabar makaranta ko sakatariya ta wadatar, muddin an share ta da tsintsiya kafin a fara, an kuma sa alli an zagaye gurbin kowace roba domin a mayar da ita daidai idan an ture ta.